ƁERA YA TONA ASIRI: RASHIN HAIHUWA BA LAIFIN MATA KAƊAI BA NE

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kuje ranar da ta cika, ba zai kasa lura da mutane iri biyu ba. Na farko su ne masu gishiri, waɗanda kan farke buhu su juye shi a faranti, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, suna aunawa da gwangwani. Na biyu kuwa shi ne mai magani da ya kafa lasifika a kan mota, yana rantsuwa cewa kwalbarsa ɗaya tana kawar da basir da sanyi da raunin mazakuta da rashin haihuwa gaba ɗaya. Maza sukan yi cincirindo wurin mai lasifika, ba mai waiwayar mai gishiri, domin a ganinsu gishiri sha'anin mata ne. Alhali kuwa in za a bi diddigi, mai gishirin nan ya fi mai lasifika kusa da zancen haihuwa, kuma wanda ya tona wannan asiri ba kowa ba ne illa ɓera.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai da gaske. Da yawa daga cikin masu neman abinci a Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, sun baro iyali a gida, ba su zuwa sai da Salla ko da damina. In shekara uku ko huɗu ta wuce ba a ga ciki ba, sai surutu ya tashi a dangi, kuma kowa ya san wadda ake nunawa da yatsa. Wata a yi mata kishiya, wata a ba ta takarda, wata kuwa a yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe har hanjinta ya gaji. Shi ko maigida ba wanda zai ce masa ya je likita ya duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 1 cikin rahotanninta na 2023 cewa mutum ɗaya cikin kowane shida na manyan mutane yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun namiji a ciki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

ABIN DA KE CIKIN WUYA

A gaban wuyan kowane mutum, ƙarƙashin zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta bai wuce giram 20 zuwa 25 ba. Likitoci na kiranta tairod. Ita ce kan kumbura ta zama abin da Hausawa ke kira maƙoƙo. Aikinta shi ne ta haɗa wani sinadari ta zuba shi cikin jini, shi kuma ya zagaya jiki yana daidaita saurin aikin gaɓoɓi, watau bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar abinci, girman yaro da bunƙasar ƙwaƙwalwarsa. Ba ta iya haɗa sinadarin nan sai da aidin, wanda mutum ke samu daga abinci. Abin da babba ke bukata kaɗan ne ƙwarai, maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai tsokar ta yi ta ƙoƙarin tatso ɗan abin da ke cikin jini har ta kumbura.

Shekaru masu yawa masana sun ɗauka cewa babu ruwan wannan sinadari da 'ya'yan maraina. Dalilinsu shi ne wani gwaji da aka yi a Amurka a 1952, inda aka yi wa manyan ɓeraye allurar sinadarin, aka ga hanta da zuciya da ƙoda sun ƙara saurin aiki, amma maraina ba su motsa ba. Kuskuren shi ne manyan ɓeraye aka duba. Da aka koma kan jarirai sai labari ya sha bamban.

ABIN DA AKA GANI A JIKIN ƁERA

A 1991 wasu malamai na Jami'ar Illinois ta Amurka, Paul Cooke da Esmail Meisami, suka buga sakamakon wani gwaji da ya ba duniyar likitoci mamaki. Sun zuba wani magani mai danne aikin tairod a ruwan shan ɓeraye masu jego, maganin ya bi ta nono ya shiga jikin 'ya'yan tun daga ranar haihuwa har kwana 25, sa'an nan aka janye shi. 'Yan ɓerayen suka tsumbure, girmansu ya yi baya. Amma da aka bar su suka warke suka balaga, sai aka tarar marainansu sun fi na sauran ɓeraye girma da kimanin kashi 80 bisa 100, ƙwayoyin maniyyin da suke yi a kowace rana kuma sun ƙaru da kimanin kashi 140 bisa 100.

Bayanin abin ba shi da wuya. A cikin maraina akwai wasu ƙwayoyin halitta da wani Ba'italiye mai suna Enrico Sertoli ya gano a 1865. Aikinsu raino ne, su ne ke riƙe ƙwayoyin maniyyi suna ciyar da su har su nuna. Kowace mai raino tana da iyakar 'ya'yan da za ta iya riƙewa, saboda haka yawan masu rainon shi ne ke yanke yawan maniyyin da namiji zai yi muddin ransa. A jikin ɓera masu rainon nan suna ta hayayyafa ne tun yana ciki har zuwa kimanin kwana 15 ko 16 bayan haihuwa, daga nan su tsaya cik, ba su ƙara ninkuwa har abada. Abin da ke ba su umurnin su daina hayayyafa su kama aikin raino shi ne sinadarin tairod. Masana na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun nuna a 1992 cewa in babu sinadarin, masu rainon kan ci gaba da ninkuwa har wajen kwana 30. A 1993 kuma suka juya gwajin, suka ƙara wa jariran ɓeraye sinadarin fiye da kima, sai masu rainon suka tsaya tun lokaci bai yi ba, maraina suka fito ƙanana.

Har ila yau an gano cewa lokaci shi ne kome. Idan aka jinkirta ba da maganin har ɗan ɓera ya wuce kwanakinsa na farko, ba a ganin wannan canji. Watau akwai wata ƙofa da ke buɗe a lokacin jarunta, in ta rufe ta rufe ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KADA A ƊAUKI DARASIN A KARKACE

Tilas a ja kunne a nan, domin ba a rasa mai lasifikar da zai ji rabin labari ya ce ashe rage aikin tairod ƙarin ƙarfi ne. Ba haka ba ne ko kusa. Ɓerayen nan sun ƙare rayuwarsu jikinsu bai kai na 'yan'uwansu ba. Sinadarin mazakuta da ke cikin jininsu bai ƙaru ba, domin ko da yake ƙwayoyin da ke haɗa shi sun ƙara yawa, kowace ɗaya ta rage aiki. Waɗanda kuma ba a janye musu maganin ba, marainansu ba su nuna ba sam, ƙwayoyin maniyyi suka riƙa lalacewa tun ba su kai ko'ina ba.

A jikin ɗan Adam kuwa hasarar ta fi haka muni. Sinadarin da ke tsai da masu rainon maniyyi shi ne ke gina ƙwaƙwalwar jariri. Yaron da ya rasa shi tun yana ciki ko a watanninsa na farko yakan tashi wada, ko kurma, ko mai raunin hankali, kuma in lokaci ya wuce ba maganin da zai mayar da abin da aka rasa. Likitoci biyu na Amurka, Van Wyk da Grumbach, sun bayyana tun 1960 yadda yaran da tairod ɗinsu ta daɗe ba ta aiki kan nuna alamun balaga ba a kan lokaci ba, ga su gajeru, ƙashinsu bai girma ba. A wajen yara maza alamar ita ce maraina su yi girma alhali sauran jiki na yaro ne. Uban da ya ga haka ga ɗansa, kada ya ce gwaiwa ce ya nemi wanzami, asibiti ne wurin zuwa.

Ɓera dai ba mutum ba ne. A jikin mutum masu rainon nan suna ninkuwa a lokaci biyu, lokacin jarunta da kuma gab da balaga. Amma darasin ɗaya ne: wani ɓangare na haihuwar namiji ana shimfiɗa shi ne tun yana goye a bayan uwarsa, kuma abin da uwar ta ci yana da hannu a ciki.

TO, MANYA FA?

Magidancin da ya riga ya girma shi ma bai tsira ba. Idan tairod ta yi sanyi, mutum yakan ji kasala da jin sanyi ko da zafi ake yi, jiki ya yi nauyi, fata ta bushe, sha'awa ta ragu, ƙwayoyin maniyyi kuma su riƙa fitowa da siffar da ba daidai ba. Idan kuwa ta yi zafi fiye da kima, sai a ga mutum yana ci yana ramewa, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi ba ya tsayawa, wani ma idanunsa su firfito. Irin wannan yakan gamu da saurin kawowa, ƙwayoyin maniyyinsa kuma su rasa kuzarin tafiya. Likitoci a Italiya da Girka sun bi irin waɗannan maza, suka ga yawancin matsalolin suna raguwa bayan an daidaita tairod da ƙwayoyin magani. Sai dai ana bukatar haƙuri, domin maniyyi yakan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ya nuna, saboda haka ba a yanke hukunci kafin wata uku.

Gaskiya ita ce tairod ba ita ce babbar mai hana maza haihuwa ba. Ciwon sanyi da aka yi wa maganin rabi da rabi a kemis, hangum da ya kama mutum bayan ya balaga, kumburin jijiyoyin maraina, tsargiya, taba da ƙwayoyin maye, duk suna gabanta a layi. Abin da ya sa ta cancanci a yi maganarta shi ne tana cikin waɗanda ake ganewa da ɗan jini kaɗan, a kuma yi maganinsu da araha. Kuma labarinta ya isa ya nuna wa mai gardama cewa jikin namiji ma yana da inda yake samun tangarɗa, ko da kuwa yana jin kansa garau a shimfiɗa. Iya kwanciyar aure daban, haihuwa daban.

ME YA KAWO KUJE CIKIN ZANCEN?

Kuje ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Yankin Babban Birnin Tarayya, wanda aka ƙirƙiro a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammed. Ƙasar noma ce ta Gbagyi da Gade da Bassa da Hausawa da Fulani, doyarta da rogonta da masararta da dawarta suna cikin abin da ke ciyar da Abuja. Tana nesa da teku, ga ruwan sama mai yawa, ga tuddai. Aidin kuwa a teku ya taru, domin ruwan sama ya daɗe yana wanke shi daga ƙasa yana kai shi can. Wannan ne ya sa ɗan Arewa da ke Ikko, mai cin kifin teku da miyar da aka zuba wa jatan lande, yakan sami rabonsa ba tare da ya sani ba, alhali matarsa mai ciki da ya baro a Rubochi ko Gaube ba ta da madogara sai gishirin da ke cikin tukunyarta.

Ga kuma rogo. A 1966 wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Ekpechi, tare da abokan aikinsa, ya ciyar da ɓeraye rogo ya nuna cewa yana dagula aikin tairod. Daga baya binciken da aka yi a yankin Ubangi na ƙasar Kwango a shekarun 1970 ya tabbatar da haka a jikin mutane. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da guba, jiki kuma yakan juya gubar ta koma wani abu da ke tare wa aidin hanyar shiga tairod. Jiƙa rogo kwana uku zuwa biyar, da matse shi, da shanya shi ya bushe sarai, da soya gari har ya gasu, su ne ke fitar da gubar. Kakanni sun san haka ko ba su san sunan gubar ba. Hatsarin yana wajen gaggawa, lokacin da motar 'yan kasuwa ke jira a bakin hanya, mai gari ko alabo ya ga kwana ɗaya ma ya isa. Gero ma an same shi da ɗan irin wannan hali a binciken da aka yi a Darfur ta Sudan a shekarun 1980, inda shi ne kusan dukan abincin mutane kuma aidin ya yi ƙaranci. Wannan ba ya nufin a bar fura ko tuwon alabo. In aidin ya wadata a jiki, kuma an gyara abincin yadda ya kamata, ba abin tsoro.

Nijeriya ta yi abin yabo a wannan fage. A 1993, lokacin da aka ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin biyar na da maƙoƙo, Gwamnatin Tarayya ta wajabta zuba aidin cikin gishirin ci, miligiram 50 a kowane kilo tun daga masana'anta. A 2005 ƙasar ta zama ta farko a Afirka da aka shaida ta cika sharuɗɗan wannan aiki. Dattawa za su ba da shaidar cewa maƙoƙon da ake gani a ƙauyuka a da ya ragu ƙwarai. To amma doka ba ta tsaron kanta. Aidin yakan ragu in gishiri ya sha laima da zafin rana a buɗe. Gishirin da aka yi domin dabbobi ko domin masana'antu yana iya ɓullowa kasuwa da araha. Gishirin gargajiya irin wanda ake dafawa a Keana da Awe ta Jihar Nasarawa, ko wanda ke zuwa daga Bilma, yana da daɗinsa da tarihinsa, amma bai bi ta injin da ke zuba aidin ba.

Daga Kuje zuwa tsakiyar Abuja, inda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hedkwatar hukumar NAFDAC suke, kimanin kilomita 40 ne kacal. Saboda haka Kuje ma'auni ce. In gishirin da ake aunawa a kasuwarta ya cika sharaɗi, akwai fatan na Zuru da Gembu ma ya cika. In kuwa bai cika ba a nan ƙofar gida, to ba sai an tambayi halin da na nesa ke ciki ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ya kamata Majalisar Ƙaramar Hukumar Kuje ta sa ma'aikatan duba-gari su riƙa zagaya kasuwanni da ɗan ruwan gwajin nan da ake ɗiga wa gishiri, wanda kan sauya launi in akwai aidin. Ba shi da tsada, ba ya kuma bukatar digiri. A yi gwajin a gaban jama'a, mai saye ya gani da idonsa. Mai Martaba Gomo na Kuje da hakimansa da limamai da fastoci suna da bakin da za a ji, musamman wajen jan hankalin masu sarrafa rogo su bar gaggawa.

Ya kamata kuma hukumomin lafiya na Birnin Tarayya su mai da gwajin tairod abin da ake yi wa kowane jariri a makonsa na farko. Tun 1974 aka fara wannan a lardin Kwibek na ƙasar Kanada, da ɗigon jini daga diddigen jariri. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da tairod da ba ta aiki, kuma in an gane shi da wuri, 'yar ƙwaya ɗaya a rana ta isa ya tashi kamar kowa. Babban Asibitin Kuje na iya ɗibar jinin, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, wanda ba shi da nisa, ya yi awon. Ƙasar da ta iya kai allurar shan-inna kowane lungu ba za ta kasa wannan ba.

Sauran aikin na magidanta ne. Mai aika kuɗin cefane gida ya ƙara da saƙon cewa a sayi gishirin leda wanda aka rubuta yana da aidin, a zuba shi a kwalba ko roba mai murfi, a ajiye nesa da murhu. Ba a ce a ƙara yawan gishiri a miya ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini. Kada kuma wani ya ji an ce aidin ya ɗauko na wanke miki ya ɗiga a ruwa ya sha, wannan guba ce. Mace mai ciki ta je awo, in an ga kumburi a wuyanta a nuna wa likita, domin rashin aidin yana jawo ɓari da haihuwar ɗa ba rai.

Wanda kuma ya shekara guda da aure suna tare ba a sami ciki ba, ya kama hannun matarsa su je tare, ya fara miƙa kansa. Awon maniyyi ba ya bukatar wuƙa ko allura, ya kuma fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mata sauƙi da araha. Mazauna Idi-Araba suna makwabtaka da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, mazauna Sabo ta Badun kuma ba su da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, wanda ke aiki tun 1957. Kuɗin da ake zubarwa wajen mai lasifika cikin shekara ɗaya ya isa a yi awon maniyyi da na tairod har a sami canji. Ya kuma kamata a tuna cewa mutumin da ke kwana goma a gida cikin shekara ba shi da hujjar cewa matarsa juya ce.

Haihuwa kyauta ce ta Allah, ba mai musun wannan. Amma neman sanin inda ciwo yake bai saɓa wa tawakkali ba, sakin mace a kan laifin da ba a tabbatar nata ne ba kuwa zalunci ne. Ɓeran da ake bi da sanda a rumbu, ɗan'uwansa ne ya zauna a kejin masana ya nuna cewa wuyan namiji da marainansa a haɗe suke, kuma abin da uwa ta ci yana bin ɗanta har ɗakin aurensa. Kafin a rubuta takardar saki, a fara karɓo takardar asibiti. Allah ya ba masu nema, ya raya waɗanda aka samu.